Idan ciwon baya da ciwon damuwa suka haɗe maka: yadda za ka lallaɓa ka dawo da rayuwarka

Na taɓa yin wata bakwai cur ban sunkuya na ɗaure igiyar takalmina da kaina ba. Ba wai bayan ya ƙi lanƙwasuwa ba ne fa, tsoro ne kawai, don ranar da ciwon ya fara kama ni sunkuyawa na yi zan ɗauki wani abu a ƙasa sai na ji kamar an soka mini ƙusa mai zafi a ƙugu, to tun daga ranar nan ƙwaƙwalwata ta rubuta ta ajiye cewa sunkuyawa masifa ce. Na daina sunkuyawa, na daina ɗaukar komai, daga baya na daina fita sai dole, sai kuma na daina ɗaga waya don na gaji da tambayar "ya jikin?" alhali amsar ɗaya ce kullum. Wata rana na lura na yi kwana huɗu ban yi wanka ba kuma ko a jikina, a nan ne na gane cewa yanzu kam ba baya kaɗai ke ciwo ba.

Ni ba likita ba ne, kar wani ya ɗauki rubutun nan ya ce ya hutar da shi zuwa asibiti. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ya sa nake so in faɗa wa wanda yake cikin halin nan abin da na so a ce wani ya zaunar da ni ya faɗa mini tun farko. Kuskuren da na yi, kuma na ga mutane da yawa suna yin irinsa, shi ne na jingine rayuwata gaba ɗaya ina cewa sai bayan ya warke. Sai na warke zan koma aiki sosai, sai na warke zan leƙa wane, sai na warke zan yi kaza. To ciwon da ya haura wata uku, wanda likitoci ke kira ciwo mai daɗewa, ba haka yake tafiya ba, sau da yawa sai ka fara komawa harkokinka da kaɗan kaɗan sannan shi kuma ya fara sassautawa. Zaman jiran nan shi ke yi wa ciwon damuwa taki.

Kafin mu shiga maganar lallaɓawa, akwai alamomin da ba a lallaɓa su, asibiti ake tafiya a ranar. In fitsari ya ƙi fita ko yana zubo maka ba ka sani ba, ko bayan gida yana kufce maka, ko ka ji tsakanin cinyoyi da wajen mazaunai da al'aura sun mutu ba ka jin taɓawa, ko ƙafa tana ta yin rauni har kana janta, to zai iya yiwuwa jijiyoyin ƙarshen laka ne suka matse, kuma wannan awanni ake ƙirga masa. Haka in ciwon ya zo da zazzaɓi, ko rama ba gaira ba dalili, ko gumin dare, ko ka taɓa yin ciwon daji, ko bayan faɗuwa ko hatsari ya fara, dole a bincika, don tarin fuka ma yana kama ƙashin baya. In likita ya duba ya ce babu ko ɗaya cikin waɗannan, to bismillah mu ci gaba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu, ana kuma hasashen za su kai miliyan 843 nan da 2050, kuma babu ciwon da ya kai shi hana mutane gudanar da harkokinsu. Wajen kashi 90 cikin 100 na masu shi ba a iya nuna abu guda a ce ga shi nan shi ne ya lalace. Shi kuma ciwon damuwa, difireshan ɗin nan da ake faɗa, hukumar ta taɓa ƙiyasta mutum miliyan 280 ke ɗauke da shi. Su biyun nan hanta da jini ne, mai ɗaya ya fi sauran mutane saurin kamuwa da ɗayan, kuma ko ta wanne aka fara ɗayan na iya biyowa.

Dalilin ba wani sihiri ba ne. Saƙon ciwo yana tasowa daga wurin ya bi ta laka ya kai ƙwaƙwalwa, ita ce kuma take yanke hukuncin yawan zafin da za ka ji. Tun 1965 wasu masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka kawo bayanin cewa a cikin laka akwai wani abu kamar ƙofa da ke buɗewa ko rufewa ga saƙon ciwo, kuma ƙwaƙwalwa tana da hannu a kan ƙofar, shi ya sa ma in ka buge gwiwa kake murza wurin ka ji sauƙi. Sinadaran da ƙwaƙwalwa ke aikawa su rage ƙarfin saƙon nan, wato serotonin da noradirenalin, su ne dai kuma suke da hannu a yanayin ranka. Sai ka ɗora rashin bacci da tsoro da zaman kaɗaici da tunanin aikin da ya tsaya da bashin da ke taruwa, duk suna wangale ƙofar. In ciwo ya daɗe kuma jijiyoyin kansu sai su zama masu saurin firgita, kamar ƙararrawar motar da ko kyanwa ta gifta sai ta hau ihu.

Don Allah a fahimce ni, ban ce ciwon naka ƙirƙira ne ko raki ba, wallahi yana nan kuma yana da zafi. Ko a 2020 da ƙungiyar masana ciwo ta duniya ta sabunta ma'anar ciwo, ta bar shi a matsayin abin da ake ji a jiki da kuma a rai tare, ta kuma ce in mutum ya ce yana jin ciwo a mutunta maganarsa. Amfanin sanin wannan shi ne hannunka zai iya kaiwa ga ƙofar nan ta wurare da yawa, ba sai ta ƙwaya kawai ba.

To ya za ka gane ƙuncin ya koma ciwo? Kowa in baya ya hana shi sakat zai yi ƙunci, ba abin mamaki ba ne. Amma in ka yi sati biyu ko fiye kusan kullum kusan duk yini ranka a jagule, abin da da yake sa ka nishaɗi yanzu ya zama salam, bacci ya lalace ko ya yi yawa, cin abinci ya canza, ba ka iya tara hankali wuri ɗaya, kana ganin kanka kaya ne a wuyan iyalinka, to maganar ta wuce gajiya. Akwai wata takarda mai tambaya tara da ake kira PHQ-9, ma'aikatan lafiya na amfani da ita, ko minti biyar ba ta ci. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, in ka je wajen likita a kan baya buɗe baki ka ce masa "likita, raina ma ba daidai yake ba, ba na jin daɗin komai, ba na bacci." Ni sai da na je sau huɗu ina ta zancen ƙugu kawai, ana rubuta mini ƙwaya ina dawowa, don su ma sauri suke layi na jiransu, in ba ka faɗa ba da wuya su tono.

In kuwa tunanin ya kai ga cewa gara ka mutu ka huta, ko har ka fara saƙa yadda za ka yi, ɗan'uwa wannan ba abin da za ka kwana da shi kai kaɗai ba ne. Faɗa wa mutum ɗaya da ka yarda da shi yau ɗin nan, ka damƙa masa ƙwayoyin da ka tara a ɗaki ya riƙe maka, ku tafi sashen gaggawa na asibiti tare. Tunanin nan alamar ciwon ne kamar yadda zazzaɓi yake alama, kuma yana lafawa in aka samu taimako.

Yanzu maganar hoto, don shi ne ya fi karya mini gwiwa. Ranar da aka ba ni sakamakon MRI, hoton nan da ke nuna cikin jiki, na sa aka fassara mini, wai faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya ya bulluƙo, wani kuma ya fara cinyewa, na koma gida ina takawa kamar mai ɗauke da ƙwai a ka, a raina shikenan bayana ya ruɓe. Babu wanda ya faɗa mini cewa a 2015 wasu masu bincike sun tattara hotunan mutane sama da 3,000 waɗanda bayansu ba ya musu ciwo ko kaɗan, suka tarar cikin 'yan shekara 20 kashi 37 cikin 100 faifan nasu ya fara cinyewa, cikin 'yan shekara 80 kuwa kashi 96. Bulluƙowar faifai kuma kashi 30 a 'yan shekara 20, kashi 84 a 'yan 80. Mutanen da ke yawonsu lafiya lau fa! Kaga ashe da yawa cikin abin da hoto ke nunawa furfura ce ta ciki. Ba na ce hoto ba shi da amfani ba, yana da ranarsa, amma ka tambayi likita kai tsaye, "wannan abin da aka gani shi ne yake jawo mini ciwon, ko kuwa na shekaru ne?"

Kwanciya kuma, wadda kowa zai ce maka ka yi, ita ce ta fi cutar da ni. Tun 1986 wani bincike a Amurka ya gwada kwanciyar kwana biyu da ta kwana bakwai ga masu sabon ciwon baya, masu kwana bakwai ba su fi sauran samun sauƙi ba, sai dai sun fi su rasa ranakun aiki. In haka ne ga sabon ciwo ina ga wanda ya yi wata shida a katifa? Tsoka na saki, gaɓoɓi na sandarewa, ga silin kana kallo daga safe har dare kana lissafin abin da ka rasa.

Amma kuma tashi a guje ma ba shi ba ne, kuma a nan ne yawancinmu muke faɗuwa. Ranar da ka tashi da ɗan sauƙi sai ka ce bari in rama bashi, ka share gida ka wanke kaya ka gyara abin da ya yi wata biyu yana jiranka ka ƙara da doguwar tafiya, washegari ka kasa juyawa a gado, ka kwanta kwana uku kana nishi, zuciya kuma ta samu hujja ta ce "ka gani ko, ai na faɗa maka ka gama yawo." Kowace irin wannan faɗuwar tana ƙara zurfafa ramin.

Ga yadda likitan gashin ƙashi, wato fisiyo, ya koya mini, kuma shi ne abin da ya fi komai yi mini aiki. Zaɓi abu ɗaya, tafiya ta fi sauƙi. Kwana uku a jere ka fita da agogon wayarka ka ga minti nawa kake yi kafin ciwon ya fara tashi sosai. A ce ka samu 12 da 8 da 10, tsaka-tsakinsu 10 kenan, to ka rage ka fara da minti 8. Eh takwas, na san abin dariya ne ga mutumin da da yake yini a tsaye, ni ma sai da na ji kunya. Dokar ita ce minti 8 ɗin nan za ka yi ranar da ka tashi garau, kuma shi za ka yi ranar da ka tashi jiki ba daɗi, agogo ne zai tsayar da kai. Ranar sauƙi ta fi wuya wallahi, don ƙafa na son ci gaba kai kuma dole ka juyo. Bayan sati ɗaya ka ƙara minti ɗaya, wani satin ka sake ƙarawa, in ka yi haka kafin wata uku ka kai wajen minti 20 ba tare da ka kwanta jinya ko sau ɗaya ba. Sannu ba ta hana zuwa. Haka za ka yi wa zama a kujera, da tsayuwa wajen wanke-wanke, da tuƙi, duk abin da ke tayar maka da ciwo auna shi ka yanka shi gunduwa-gunduwa ka huta tun kafin ya tashi.

Za ka ji ɗan ƙarin ciwo lokacin da ka fara, wannan ba ya nufin wani abu ya tsinke a ciki. Ma'aunin da aka ba ni shi ne in ya ɗan tashi amma ya koma inda yake kafin washegari, ci gaba, in kuma ya wuce awa 24 yana sama to ka rage kaɗan amma kar ka daina. Kuma kar ka raina tafiya. A 2024 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani bincike da aka yi a Ostareliya kan mutum 701 da ba su daɗe da farfaɗowa daga ciwon ƙugu ba, waɗanda aka ɗora a kan tsarin tafiya da wayar da kai sun kai kwana 208 kafin ciwon ya dawo ya hana su harka, sauran kuwa kwana 112. Iyo, keke, yoga, atisayen ƙarfafa tsokar ciki da baya, babu wanda ya yi wa sauran fintinkau, wanda za ka iya ɗorewa a kai shi ne naka. Motsa jikin nan kuma shi kansa yana cikin abubuwan da ke rage ciwon damuwa, jifa ɗaya tsuntsu biyu.

Sunkuyawar da na ce na yi wata bakwai ban yi ba, haka aka dawo mini da ita. A zaune kan kujera na fara, in ɗora hannu a gwiwa in ɗan ranƙwafa ina fitar da numfashi, sau biyar, shikenan na ranar. Bayan kwanaki hannu ya sauka ƙwauri, daga nan idon sawu, ranar da na taɓa takalmin sai da na yi dariya ni kaɗai kamar wani zautacce. Bayan bai canza a 'yan makonnin nan ba, tsoron ne ya sake ni.

Shi ciwon damuwa yana da wata yaudara, ce maka yake jira sai ka ji sha'awa sannan ka yi. Sha'awar ba za ta zo ba, ita a baya take biyowa bayan ka riga ka fara. Saboda haka da daddare ka rubuta abu biyu ko uku ƙanana na gobe tare da lokacinsu, wanka ƙarfe 8, zama a waje cikin hasken safiya minti 10, kiran wane ƙarfe 5. Ka tabbata a ciki akwai wanda da can yake maka daɗi ko da yanzu ba ka jin komai a kansa, kuma akwai wanda mutum yake ciki, don kaɗaici shi ne babban abokin ciwon nan. In ka yi ka ja masa layi. Da babu gara ba daɗi, rabin wanka ma wanka ne a ranar da ta yi nauyi.

A littafin nan dai ka riƙa rubuta abin da ka iya yi. Ni na yi wata biyu ina ba ciwo maki daga 0 zuwa 10 safe da rana da dare, abin da na samu kawai shi ne na zama maigadin bayana, kullum kunne a kansa. Da na koma rubuta "yau na yi tafiyar minti 14, na zauna hira rabin awa" sai na ga ashe ina gaba duk da makin ciwon bai wani motsa ba.

Sai tunani. Akwai hanyar magani ta zama da ƙwararre a tattauna da ake kira CBT, wadda wani likitan ƙwaƙwalwa Ba'amurke Aaron Beck ya assasa a shekarun 1960, kuma ana amfani da ita ga ciwon damuwa da ciwo mai daɗewa duka. In ka samu mai yinta kar ka tsaya jin kunyar wai za a ce ka haukace. Kafin ka samu, ga ɗan abin da za ka iya da kanka, in tunani irin su "a keken guragu zan ƙare" ya zo, rubuta shi yadda ya zo, sannan ka tambaye shi hujja kamar mai shari'a. Wa ya faɗa? Sau nawa ciwon ya tashi haka a baya, kuma kwana nawa ya yi ya sauka? Ba cewa aka yi ka yaudari kanka da "komai lafiya" ba, magana ta gaskiya za ka nemo, kamar "ya tashi, ya saba tashi, yakan yi kwana uku." Akwai kuma tsarin nan na sati takwas na lura da numfashi da jiki wanda wani masani Ba'amurke Jon Kabat-Zinn ya fara a 1979, wani bincike na 2016 kan mutum 342 masu daɗaɗɗen ciwon ƙugu ya nuna shi da CBT duk sun fi kulawar da aka saba. Ni dai dogon zaman shirun bai karɓe ni ba gaskiya, abin da na ɗauka a ciki numfashi ne kawai, in ja ina ƙirga huɗu in sake ina ƙirga shida, na minti uku, kafaɗa da muƙamuƙi su saki.

Maganar ƙwaya kuma a yi hattara, garin neman gira kar a rasa ido. Irin su ibufurofen da daikulofenak suna taimakawa musamman lokacin da ciwo ya tashi, amma shan su kullum wata da watanni yana iya jawo olsa da zubar jini a ciki, ya taɓa ƙoda, ya ɗaga hawan jini, mai ciki kuma kar ta sha sai da izinin likita, kuma ba a haɗa biyu daga cikinsu a sha tare. Farasitamol shi kaɗai bai cika yi wa ciwon ƙugu wani abin kirki ba. Tiramadol da kodin da danginsu su ne tarkon, don suna ɗan ɗauke ƙuncin zuciya na 'yan awanni, mai ciwon damuwa kuwa abin da yake nema kenan, kafin ka farga jiki ya saba yana neman ƙari. Ka'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Disambar 2023 kan daɗaɗɗen ciwon ƙugu sun ce kar a riƙa ba da irin waɗannan, haka ma bel ɗin ɗaure ƙugu da na'urar jan baya. Tiramadol kuma in ya haɗu da wasu magungunan damuwa yana iya jawo jijjiga da wata matsala mai hatsari, saboda haka duk abin da kake sha ka zazzage wa likita, har wanda ka saya da kanka. In ka riga ka saba da shi kar ka yanke rana ɗaya, a hankali ake saukewa tare da likita. Giya ko wani abin maye don a samu bacci kuwa an gudu ne ba a tsira ba.

Maganin damuwa in likita ya rubuta maka, sani cewa ba ya aiki a daren farko, yakan ɗauki sati biyu zuwa shida, kuma kwanakin farko za ka iya jin tashin zuciya ko jiri ko bacci ya hargitse. Mutane da yawa a nan suke jefar da shi su ce bai karɓe su ba. In ka fara jin sauƙi ma akan ci gaba da sha aƙalla wata shida, kuma ba a dainawa kwatsam. Akwai ɗaya, duloksetin, da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2010 don daɗaɗɗen ciwon baya, sai dai masana ba su haɗu a kansa ba, tasirinsa a kan bayan shi kaɗai ba wani mai yawa ba ne, amma ga wanda yake da ciwukan biyu ya cancanci a tambayi likita. Tiyata kuma tana da mutanenta, musamman in jijiya ce ta matse ƙafa na rauni, amma ga ciwon ƙugun da ba a gano takamaiman dalilinsa ba kar ka yi gaggawar hawa gadon, nemi ra'ayin likita na biyu.

Bacci a taƙaice. Lokacin tashi ɗaya kullum ko da daren ya yi muni, baccin rana kar ya wuce minti 20, kofi da abin sha mai hana bacci a bar su tun da rana, waya ta bar gado. In a gefe kake kwanciya sa filo tsakanin gwiwoyi, in rigingine ne sa shi a ƙarƙashinsu. In ka daɗe ido biyu tashi ka zauna a wani wuri har bacci ya zo, kar gado ya zama wurin lissafi. Mai shan taba kuma ga wani dalilin dainawa, masu sha sun fi fama da ciwon baya.

Mutane kuwa, to sai haƙuri. Ciwon baya ba ya jini, ciwon damuwa ba ya kumburi, saboda haka za ka ji "ai ga ka nan garau," za ka ji "ragwanci ne," har da masu cewa rashin tawakkali ne, alhali babu wanda yake faɗa wa mai ciwon suga haka. Ba kowa za ka tsaya yi wa bayani ba, zaɓi mutum biyu ka faɗa musu ainihin abin da kake so, misali "kar ka riƙa tambayata ya bayan, zo ka raka ni tafiya da yamma." Ke kuma 'yar'uwa da mijinki ko mahaifinki yake cikin halin nan, ko kai da matarka ce, na san kuna gajiya, amma ɗauke masa komai har kofin ruwa ba gata ba ne, bar shi ya yi abin da zai iya, ki yaba in ya yi, in ya yi shiru da yawa ki zauna kusa ko ba magana. A wurin aiki kuma ka nemi a bar ka kana miƙewa duk bayan rabin awa, ko ka dawo da rabin yini tukunna, don daɗewa a gida yana sa komawar ta ƙara wuya.

Ciwon zai sake tashi, wannan kam ka sa a ranka, wani lokacin da dalili wani lokacin haka kawai. Shi ya sa tun ranar da kake da sauƙi za ka rubuta takardar ranar tsanani ka manna inda ido zai gani, don in ranar ta zo kai ba ya aiki. Tawa ga abin da ke ciki: duba alamomin hatsarin nan na sama, in babu to ba sabon abu ba ne. Ruwan ɗumi a gora ko tawul mai ɗumi a ƙugu minti 15 zuwa 20, da ƙyalle a tsakani kar fata ta ƙone. Maganin da likita ya yarda da shi, na 'yan kwanaki. Tafiya a rage ta zuwa rabi amma a fita, kwanciyar rana kar ta wuce rabin awa a lokaci ɗaya. Wanka dole. A kira mutum ɗaya kafin dare. In an kwana uku a fara ƙara mintunan, in kuma sati biyu suka wuce bai sauka ba ko raina ya fara komawa ramin nan, a koma asibiti. A can ƙasa kuma na rubuta ranakun da ya taɓa tashi da yawan kwanakin da kowanne ya yi, na baya-bayan nan kwana huɗu ne.